Shayin Iya da Rijiya Mai Kunya

A gidanmu da ke wani ƙauye gabas da Gagarawa, tatsuniya ba ta farawa sai buta ta sauka daga wuta. Haka Iya, kakarmu ta wajen uba, ta tsara abinta. Da an idar da sallar magariba an ci tuwo, sai ta jawo kaskon wuta ƙofar ɗakinta, mu jikoki mu kewaye ta a kan tabarma. Ni nakan zauna can gefe, domin tun ina ƙarami magana a cikin mutane wahala take ba ni.

Koren ganyen shayi Baba ne yake kawo mata daga kasuwar Maigatari, inda yake dillancin shanu. A can ya koyi shan ataya wajen abokan cinikinsa na Damagaram: a tafasa ganye har ya yi baƙi, a danna masa suga. Iya kuwa ba ta yarda da wannan ba. Ruwa kawai take tafasawa, ta sauke, ta jira har ya daina huci, sannan ta jefa ganyen ta rufe. Madarar shanu da aka tatso da yamma tana can tana ɗumi a wata 'yar tukunya. Idan ta tace shayin a ciki, sai ta miƙo mini maburgi.

"Karɓi, Maigidana. Tunda bakinka ba ya aiki, hannunka ya yi."

Yara su kwashe da dariya, ni kuma in sunkuyar da kai ina murza maburgin tsakanin tafukana har kumfa ta taso. Ba ta taɓa ba wani wannan aiki ba. Ta ce sauran gaggawa gare su, rabin madarar a ƙasa take ƙarewa. Suga kuwa ba ya shiga. Idan ƙanwata Hadiza ta yi ƙorafi, sai Iya ta ce, "Saniya ta riga ta sa nata a ciki, ke ce harshenki bai iya nema ba."

Sai kowa ya riƙe kofinsa sannan take gyara zama ta ce, "Ga ta nan tafe, ku matsa mata." Mu kuma mu amsa, "Ta zo ta zauna."

Tatsuniyar da ta fi zama a raina ita ce ta wata rijiya a dajin arewa, wadda ake kira mai kunya. Ruwanta ya fi na ko'ina daɗi, amma ba kowa yake samunsa ba. Fatake sukan iso da ƙishirwa da hayaniya, su yi ta jefa guga suna zagin juna, sai ruwan ya tsorata ya nutse can ƙasa, abin da za su jawo laka ce mai ɗaci. Wani attajiri ya sa aka yashe ta da ƙarfi, ta ƙafe masa ƙaf. Rannan wata makiyayiya ta iso da shanunta a gajiye. Ta yi wa rijiyar sallama, ta zauna a bakinta ta ba ta baya, tana cire wa ɗan maraƙinta ƙaya. Ba ta leƙa ba, ba ta roƙa ba. Can sai ta ji sanyi a dugaduganta. Ruwan ne ya hau da kansa har ya malalo, shanu suka sha suka ƙoshi.

"To me ta ce wa rijiyar?" in ji Hadiza.

"Ban da sallama ba ta ce komai ba, uwar surutu. Shi ya sa ke da ƙishirwa za ki dawo." Sannan ta rufe da cewa, "Na ajiye ta nan, ɓera ya zo ya ɗauki kanta."

A lokacin na ɗauka labarin ganyen shayi take ba mu a fakaice, tunda shi ma in aka matsa masa da wuta ɗaci yake yi. Iya ta rasu ina makarantar sakandare a Gumel, kaskon ya koma bayan rumbu.

Ina shekara ta biyu a jami'a aka gano Baba yana da ciwon suga. Na dawo hutu na tarar da gida a hargitse. Likita ya hana shi ataya, shi kuma ya ce da ita yake ciniki, dillalin da ba ya zama a kan buta wa zai kawo masa saniya? Umma ta yi magana har ta gaji. Yayana ya ɓoye butar, Baba ya sayo wata. Ga shi yana ramewa, ƙafarsa ta yi wani rauni da ya ƙi warkewa. Kowa ya zuba mini ido, wai ni ne mai karatu, in yi masa bayani. Na san in na buɗe baki a gabansa kalma biyu ba za su fito a jere ba.

Sai na jawo kaskon Iya na kakkaɓe shi. Da magariba na zauna a tsakar gida, nesa kaɗan da shimfiɗarsa, na haɗa shayin yadda take yi, na ƙara 'yar citta. Na sha abina, ban ko dubi inda yake ba. Washegari ma haka. Umma ta same ni a ɗaki ta ce, "Wai kai an sa ka magana, ka koma dafa wa kanka shayi?" Na ce ta yi haƙuri. Raina kuwa bai kwanta ba, don ina ganin yadda yake ɗingishi zuwa masallaci.

Ana nan wata magariba, ina cikin murza maburgi, na ji ya yi gyaran murya.

"Kai, Sani. Wannan ba haɗin tsohuwa ba ne?"

"Shi ne, Baba."

"Kullum sai dai ƙamshi ya dame ni? Ko an hana ni wannan ma?"

Na kai masa da hannu biyu. Ya kurɓa, kumfa ta maƙale a gashin bakinsa.

"Babu suga," ya ce.

"Babu."

"Haka take yi. Ita ma rowa gare ta." Ya miƙo kofin. "Ƙaro."

Ban ce shayi ya warkar da shi ba. Magani yake sha, yana kuma zuwa asibiti. Amma daga wannan hutun ataya ta bar gidanmu, raunin ma a hankali ya rufe. Sai a lokacin na gane makiyayiyar nan ba sakarci ne ya zaunar da ita ba, ta san abin da take yi. Na daɗe ina jin kunyar shirun da aka halicce ni da shi, ina ganin kamar nakasa ce. Ashe akwai mutanen da ba sa sauraron kowa sai wanda ya iya zama kusa da su ya ƙyale su.

Ranar kasuwar da ta biyo baya na raka shi Maigatari. A ƙarƙashin rumfar dillalai wani abokinsa Badamagare ya miƙo masa finjalin ataya. Baba ya ɗaga hannu, ya jawo fulas ɗinsa daga cikin jaka.

"Ajiye wannan, Alhaji, ɗanɗana na gidanmu. Ga wanda ya haɗa nan a zaune. Ba ya magana, amma kar ka raina shi."