Iya Hansatu ta tafi ba ta ɗaura ƙyallen bana ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina buɗe butik, wato shagona, aka kira ni daga ƙauye: Iya Hansatu, Uwar Tafki, ta rasu.

Waɗanda ba su san ta ba, bari in faɗa muku. A ƙauyenmu, kan hanyar Dungu, akwai tafkin da ba mu taɓa ganin ƙasansa ba. Duk shekara in ruwa ya fara ja da baya, Iya takan ɗaura farin ƙyalle a jikin itacen gawon da ke bakin ruwa, liman ya yi addu'a. Daga ranar, mutum ya sha, dabba ta sha, shi ke nan. Ba inji, ba taru, sai ruwan sama ya sauka. Wajen ubanta ta gada.

Ni kuwa motopom, wato injin jan ruwa, da tiyo nake sayarwa a kasuwar Matameye. Ku auna irin zaman da ke tsakaninmu.

"Ga ɓarawon ruwa nan!" Haka take gaishe ni, sannan ta kwance bakin zane ta ba ni goro. Lokacin rake kuwa, ko na je ko ban je ba, sai ɗan taksi ya sauke min nawa da ta aiko.

Na taɓa tsare ta na ce, "Iya, tsakani da Allah, me ke cikin ruwan nan?"

Ta ce, "Ni na taɓa ce maka akwai wani abu?"

"To babu ke nan?"

"Wannan ma ban ce ba. Kai da ka yi lakwal, ɗan boko, sa tiyonka ka gani."

Ban sa ba. Ba wanda ya taɓa sawa in ƙyallen yana ɗaure.

Wani matashin malami ya ce mata shirka ce. Ta ce, "Malam, ba na yanka, ba na roƙon kowa sai Allah. Ƙyalle ne. In ka ga dama, je ka kwance." Yana nan garin, bai je ba.

A farin da aka yi muna yara, soja ke mulki, rijiyoyi suka kafe. Tafkin nan shi ya kai ƙauyuka damina, saboda ƙyallen yana ɗaure.

Bana ma ga shi. Ruwa ya ɗauke da wuri, gero bai yi ido ba, kowa ya koma lambu. Soja ne kuma a sama. Ba siyasa nake ba, kar a ce na ce, amma yau in an kwashe tafkin ban san ƙofar da za mu kai kuka ba.

Kasuwar da ta wuce ta zo ta sayi ƙyallen bana. Ta miƙo min ta ce, "Kayana sun yi yawa, ajiye min sai kasuwa mai zuwa. Kar ka goge inji da shi."

Ganina da ita na ƙarshe ke nan.

Abin da ke ba ni tsoro: tun safe waya ke shigowa. Mutum ya yi ta'aziyya, sai ya ce, "Af, Sale, babban injin nan mai dogon tiyo yana nan kuwa?" A kasuwa na girma, na san muryar mai saye. Ko wanka ba a yi mata ba.

Na ce musu ya ƙare. Yana nan bayana. Amma Zinder ba nisa, gobe za su samo.

Kuma ba miyagu ba ne. Lambunsu ke ƙonewa, suna da iyali. Sai dai in injuna suka sauka tare, wallahi ruwan nan ba zai kai bazara ba. Mata su ɗebo ina? Shanu su sha ina?

Ɗiyarta da ya kamata ta gada tana Aljeriya neman abinci, lambarta ba ta shiga. Liman ya ce shi addu'a ce tasa, ɗauri ba nasa ba ne. Ni in na ɗaura, dariya za a yi.

Zan rufe butik in tafi jana'iza da ƙyallen a aljihu. Ban san wa zan miƙa wa ba.

Allah ya gafarta wa Iya, ya shayar da ita kamar yadda ta shayar da mu. Don Allah ku sa ta a addu'a. Ku roƙa mana kuma Allah ya fito da wanda zai ɗaura a ji tsoronsa, kafin injin farko ya isa bakin ruwa.