Hoton Inna a Gindin Tsamiyar da Ta Faɗi

Yayana ya shekara tara a Aljeriya yana aikin gini a wani gari na cikin hamada. Shi ne ɗan fari a ɗakinmu, ni nake bi masa. A duk shekarun nan Inna ba ta taɓa karɓar waya ta yi magana da shi ba. Ba faɗa suka yi ba, kunyar ɗan fari ce irin ta mutanen da. Ba ta kama sunansa, ba ta tambayar lafiyarsa a gaban mutane. In ya kira aka miƙa mata waya, sai ta ce tuwonta zai kama, ta shige madafa. In ya zama dole ta ambace shi, "wancan" take cewa.

Da can abin bai dame shi ba, da shi ya tashi. Rasuwar Baba ce ta ɓata lamarin. Da Baba ya rasu, manya suka ce kada a gaya wa Yaya, don tsakiyar bazara ce, in ya ji zai kamo hanyar hamada cikin zafi. Ni aka ɗora wa ɓoyon. Wata huɗu ina ce masa Baba ya tafi masallaci, Baba yana gona, Baba ya ɗan kwanta. A bakin wani direba ɗan Sabon Birni ya ji gaskiya. Bai zage ni ba, amma tun daga ranar in na ce masa kowa lafiya, sai ya ce to, ba don ya yarda ba.

Sanyin bara sai labarai marasa daɗi suka yi ta zuwa masa daga yankinmu, wasu gaskiya, wasu ƙari. Wata Talata da hantsi saƙonsa ya shigo wayata. Da murya yake turowa, wannan karon rubutu ne, don ya san na fara zuwa ajin manya, kuma rubutu ba mai jin sa a tsakar gida. Na zauna bayan rumbu na bi shi a hankali. Ya ce bai yarda Inna tana da rai ba. Ya ce akwai motar da za ta tashi ran Juma'a zuwa Agadas, in bai ga fuskarta ba kafin nan zai ajiye aikin ya shigo. Kuma kada in turo masa hoton cikin ɗaki, na ɗaki yana iya zama tsoho. In kai ta mashigi, ta tsaya a gindin tsamiyar nan.

Tsamiyar mashigi kowa ya san ta, a ƙarƙashinta muka koyi iyo. A daminar da ta wuce gulbi ya ci gaɓa ya kayar da ita, labarin har can ya kai masa. Hoton da ya nuna Inna kusa da faɗaɗɗiyar tsamiya ba zai zama na shekarun baya ba. Na ga dabararsa, na kuma ji kunyar abin da ya sa ya neme ta.

Hanyar da zai biyo ita ce abin tsoro. Ga hamada, ga kuma daga bakin iyaka wajen Burkusuma zuwa gida, inda mu da muke nan ma ba ma bi sai mun tambaya. Mutum ya bar aikinsa ya shiga wannan saboda maganata ba ta da nauyi.

Na gaya wa mai ɗakina. Ta ce, "In kac ce mata hoto na wancan ne, ko ƙofar gida ba ta kaiwa. Ka ce za mu duba albasa." Muna da 'yan kwamin albasa a fadama kusa da mashigin, kuma Inna ta daɗe tana cewa ban iya ban ruwa ba. Mai ɗakina ta ƙara da cewa a gayyato Gwaggo. Gwaggo ba ƙanwar Baba ba ce, ƙawar Inna ce tun suna 'yan mata a Turba, mu ne muka taso muna kiran ta haka. Ita kaɗai ke iya faɗa wa Inna magana son ranta.

Ran Laraba muka fita da safe a amalanken shanun maƙwabcina, ni da mai ɗakina da 'ya'yanmu mata biyu da tsofaffin nan. Sanyi har cikin ƙashi. Inna ta naɗe cikin bargo, Gwaggo ta sa safar ƙafa a hannu. Mai ɗakina ta riƙo dafaffen dankali da ƙuli-ƙuli da shayi a fulas. Ruwan gulbi ya ja baya sosai, rairayi fari ya fito, tsamiyar tana kwance saiwoyinta a sama, kanta a cikin ruwa.

Inna ta zaga kwamin albasa ɗaya bayan ɗaya, ta ce ruwa ya yi yawa a nan, ya yi kaɗan a can. Na amsa laifina duka. Daga nan muka shimfiɗa tabarma kusa da tsamiyar, na fito da waya kamar abin wasa. Na ɗauki 'yan matan a kan kututture, na ɗauki uwarsu tana zuba shayi. Ta duba ta ce na sare mata kai, sai na sake. Gwaggo ta ce a ɗauke ta har sau uku, ɗaya a tsaye, biyu a zaune.

Duk sanda na juyo da wayar wajen Inna, sai ta ga wani abin kallo a hayin gulbi. Sau ɗaya ta ja bargo har goshi. Na duba abin da na samu: bargo da ƙeya. Wannan ko ni aka turo wa, sai in ce wata aka naɗe.

Gwaggo ta ce, "Ke tsohuwa, mi kike ɓoyo? Wa za ya sace ki?"

Inna ta ce, "Ke dai da ba ki gaji kunya ba, ci gaba da washe baki. Haƙoran ma guda nawa sunka rage?"

"Sun fi naki. Kunyar ɗan fari har da furfura? Shi kanshi ɗan farin ya yi furfura!"

Sai na gane Inna ta san abin da ya kawo mu tun daga gida. Rana ta fara ɗagawa, kuma a kwanakin nan ba a kai la'asar a fadama. Na je na durƙusa gabanta, na rage murya. Na ce, "Inna, motar Juma'a za shi shiga. Bai yarda da ni ba, saboda abin da na yi mishi lokacin Baba. In bai gan ki ba, hanya za shi kamo."

Ba ta dube ni ba. Tana cikin waɗanda suka ce a ɓoye masa, na sani, ita ma ta san na sani. Ta ɗauki dankali ta ɓare shi tsaf, ta ajiye ba ta ci ba. Na koma na tsaya ina kallon ruwa, ina lissafin abin da za ni rubuta masa wanda zai yarda da shi. Ban samu ba.

Can sai na ji ta ce wa Gwaggo, "Ke, ba kin ce ɗiyarki ta Maraɗi na son hotonki ba? Tashi in raka ki gindin iccen can, kada ki zame ki faɗa ruwa mu shiga uku."

Gwaggo ba ta taɓa faɗin haka ba, amma ta miƙe zumbur. Inna ta sauke bargon, ta gyara ɗaurin kallabi, ta kama hannun ƙawarta suka tsaya a jikin saiwoyin. Mai ɗakina ta ce, "Inna, ki dubo nan mana."

"Ni rakiya niz zo," in ji ta. Ta kafa ido a kan gulbi.

Gefen fuskarta kaɗai nake gani, amma a gefen tsagenta na Gobirawa yake, daga bakin leɓe har kunne, wanda ko cikin taron kasuwa ɗanta zai gane. Na ɗaga waya na saita su. Sai Gwaggo ta raɗa mata wata magana da har yau ba su gaya mana ba. Inna ta juyo ta kai mata duka a kafaɗa tana dariya, ni kuwa na danna. Mai ɗakina ta karɓi wayar ta duba, ta ce, "Yau dai ba ka sare kan kowa ba."

A bakin gulbi waya ba ta kamawa sai an hau tudun gaɓa. Na hau, na tura, na tsaya riƙe da ita sama kamar mai shanya. Hoton ya daɗe yana juyawa kafin ya tafi. Ban sauko ba sai ga kiransa. Na amsa ina gangarowa, na tsaya inda ba za ta yanke ba, ba nisa da tabarmar.

Da farko ba na jin komai sai ƙarar injin kwaɓa siminti. Sai ya ce, "Ta rame."

Na ce, "Sanyi ne, Yaya. Tana cin abinci."

"Wa ab bar ta ta tsaya bakin ruwa ba takalmi?"

Na duba, gaskiyarsa, takalmanta suna kan tabarma. Ya yi tari, ya ja hanci, ya ce in gaida Gwaggo. Na ce, "Motar Juma'a fa?" Ya ce, "Ƙyale ta ta tafi da masu tafiya. Akwai bene da ba mu gama ba." Na zauna a kan rairayi mai sanyi ina hamdala a zuci.

Inna ta juya mana baya tana naɗe bargo. Ba ta ce a ba ta wayar ba, ni ma ban miƙa ba. Amma ta ɗaga murya fiye da yadda take magana, wai da Gwaggo take: "Wani ya ce ma wancan muryar nan ta mura ce. Shi nemi citta da kanumfari shi dafa, shi bar wanka da ruwan sanyi."

Na buɗe baki za ni maimaita masa. Ya riga ni. Ya ce, "Bari, na ji."