Tabon da ke damtsen Dikko

Tun shekarar yaƙin basasa na san tabon da ke damtsen Dikko, abokina makiyayi. Yau ya naɗe hannun riga ya nuna mini shi kamar baƙo.

Yana kwance, numfashi na yi mishi wuya. 'Ya'yansa sun yi sun yi ya je asibiti Gummi a duba ko korona ce, ya ƙi.

"Ga lambata," in ji shi. "An ce mai allurar tarin fuka, korona ba ta kada shi."

Na ce, "Dikko, ranar da masu allura suka zo, cikin rumbun Innarka ka wuni. Wanga tabo ƙahon maraƙi ne. Ni na riƙe maka sanda kana kuka."

"Tsufa ya ci kanka."

"Ya ci, amma ya bar maraƙin. Ja ne."

Ɗiyata mai aikin asibiti, wadda ke rubuta mini wannan, ta ce ko allurar gaskiyar an gwada ta, ba ta hana korona yin tsanani ba.

Jama'a, in akwai wanda ƙaho ya taɓa yi wa rigakafi, ya gaya mana. Ni dai gobe da safe da mai babur zan je ƙofarsa, kuma ba ni tashi sai ya hau.