Yadda Gambo Ɗan Kamasho Ya Zama Kaftin

Gambo ya gaji gona daga ubansa a wani ƙauye na ƙasar Mayahi, amma tun yana saurayi ya gano cewa noma aikin waɗanda ba su da baki ne. Ya bar wa ƙannensa hauya, ya shigo Tasawa, ya lafe a tasha. Tuƙi bai koya ba, gyara bai koya ba. Abin da Allah ya ba shi murya ce, da yatsan nuna wa mutane inda za su zauna. Da haka ya zama ɗan kamasho, da haka furfura ta same shi.

Duk ilminsa na duniya guda ne: gaban mota na manya ne, baya na talakawa da awaki. Wurin nan na kusa da direba, wanda a tasha ake kira kabin, shi yake rabawa kamar mai naɗa sarauta. Wanda ya ce masa "ranka ya daɗe" ya samu. Wanda ya kira shi Gambo gatsau, sai ya je Mayahi a kan buhun albasa, ko da tsohuwa ce mai ciwon ƙugu. A gida kuwa matarsa Zara'u ce ke riƙe da tukunya da sana'ar ƙuli-ƙuli, shi nasa ya dawo da yamma ya ba da labarin manyan da ya zaunar.

Ɗansu na uku, Rayyanu, ya yi lakwal, wato makarantar boko, ya koyi aikin lantarki, har ya samu aiki a wani otal a Jidda. Gambo ya taɓa yunƙurin cire yaron daga aji don ya zo wankin motoci, amma wannan ya manta da shi sarai. Yanzu kowa ya tsaya a tasha sai ya ji cewa shi ya tura ɗansa Makka.

Wata rana da hantsi Rayyanu ya kira a salula. Ya ce zai kawo iyayensa Umra, in an gama kuma zai saka su a jirgin ruwa na shaƙatawa, irin mai benaye, su yi ƴan kwanaki suna zagaya Bahar Maliya. Ya turo hoton jirgin, an tsaga shi ana nuna ɗakunan kwana bene-bene.

"Sai ku zaɓi kabin, Baba," in ji shi. "Amma ku ɗauki na tsakiya, ƙasa-ƙasa. Can jirgi bai cika jijjiga ba."

Gambo ya yi dariya har da tari. "Kai yaro, mi ka sani ga kabin? Tun ba a haife ka ba nike raba ta."

Ya ɗauki hoton ya kai teburin mai shayi, ya yi kwana da kwanaki yana nuna wa direbobi. Ruwan da ya fi girma da ya taɓa gani shi ne tabkin bayan gari a damina, amma ya yi musu bayanin teku kamar a can aka yanke masa cibiya. A ƙarshe ya dangwala yatsa a bene mafi tsawo, a can goshin jirgi, ɗaki mai baranda.

Zara'u ta ce, "Malam, gwiwoyina ba su son hawa. Mu bi maganar yaron nan."

"Ƙasa wurin kaya ne," in ji Gambo. "In je har Saudiyya a aje ni tare da buhuna?"

Rayyanu ya sake kira ya roƙa. Gambo ya tambaye shi ko ƙyashi yake yi wa uban da ya haife shi. Daga nan yaron ya kama musu ɗakin.

Umra ta wuce lafiya, in ban da Gambo ya so ya gyara wa ƴan sandan Harami yadda ake jera mutane. Ranar shiga jirgi ya sa babbar riga mai shuɗi, ya hau asansar, injin nan mai kai mutane sama, har bene na ƙarshe, ya fito baranda ya sa Rayyanu ya ɗauke shi hoto yana nuna teku da yatsa. Jirgin a lokacin yana ɗaure a bakin gaɓa. Rayyanu ya yi musu sallama ya koma aikinsa.

Bayan la'asar aka fita fili, iska ta taso. Goshin jirgi ya riƙa ɗagawa sama yana faɗowa, shi kuwa ɗakin Gambo a kan goshin yake. Da farko ya ce direban jirgin ne bai iya ba. Sai ya nemi bokiti. Shinkafar da ya ci da rana ta dawo, ta jiya ma ta biyo ta. Ya kwanta a ƙasa tsakanin gado da bango, ya ƙanƙame ƙafar tebur, yana kiran sunayen waliyyan da rabonsa da tuna su tun makarantar allo.

"Ki rufe labulen nan," ya ce da Zara'u. "Ban son ganin ruwa."

Labulen bai sake buɗuwa ba har aka gama tafiya. Washegari wani ma'aikacin jirgi ya zo da ƙwayar magani, ya nuna da hannu cewa akwai ɗaki a ƙasa in suna so. Gambo ya ɗago kai da ƙyar, fuska ta yi fari kamar toka, ya girgiza yatsa. Ko a wannan halin ba zai bari a ce an saukar da shi ba.

Zara'u, da aka yi tsammanin ita za a sha wahala da ita, ko kai bai sara mata ba. Ta ajiye masa ruwa da lemun tsami, ta sauka. A wurin cin abinci ta gamu da wata Hajiya Rashida, Bahaushiyar Sudan, wadda kakanninta suka fito daga wajen Katsina. Suka ƙulle. Tare suka ci kifin da Zara'u ba ta san sunansa ba, tare suka riƙa zama a inuwa suna kallon ruwa, Rashida na nuna mata inda alƙibla ta koma duk lokacin da jirgi ya juya. A karon farko tun aurenta, wani ya dafa, wani ya wanke, ita ta zauna. In ta hau duba mijinta sai ta tarar da shi inda ta bar shi.

Da suka dawo Tasawa, Gambo ya sa aka wanke hoton barandar, ya riƙa yawo da shi a aljihu. Ya ce daga ɗakinsa ana hango Misira. Ya ce shugaban jirgin da kansa yakan leƙo neman shawara in iska ta yi ƙarfi. Zara'u ba ta ƙaryata shi ba. Kawai dai a wani gidan suna mata suka tambaye ta yadda teku take, ta faɗa musu, suka tambayi Malam, ta faɗa musu har da bokitin.

Kafin kasuwa ta sake ci, duk tasha ta ji. Direbobi suka laƙaba masa Kaftin. Suna faɗa suna ƙunshe dariya, shi kuwa ya karɓa hannu biyu, har ya daina amsawa in an ce Gambo. Ƙananan ƴan kamasho sukan sara masa in ya shigo, ya ɗaga musu hannu cikin isa.

Da shekara ta zagayo Rayyanu ya kira, ya ce ko za su ƙara. Gambo ya ce shi ya gama da teku, babu abin da ya rage bai gani ba, kuma tasha ba ta iya motsi in ba ya nan. Sandika, ƙungiyar direbobi, ta daɗe da ba wani yaro aikinsa, amma kullum Gambo yana zuwa ya zauna a benci. Ya miƙa wa Zara'u salular, ya ɗauki hularsa ya fita. Ita kuwa ta ce da ɗanta ya kira Hajiya Rashida ya ji ko tana da sarari bayan Sallah.