Yadda Gengo Ya Koya wa Ƙadangare Cin Ganye

Shagon da nake sayar da awara yana kallon gidan Nabeshima Gengo, a wani lungu na birnin Kochi, yau shekara talatin ke nan. Kafinta ne, mai yin ƙofofin katako da takarda irin waɗanda ake turawa gefe, kuma har ya ajiye aiki ban taɓa jin an ce ƙofarsa ta cije ba. Gajere ne kakkaura, ga taurin kai. Duk unguwa an san shi da abu guda: ba ya cin ganye. A ba shi gasasshen kifi da soyayyar kaza, shi ke nan. In ya tsinci ganye a miya, sai ya tsamo shi da tsinken cin abinci ya jera a bakin kwano. Matarsa Fusae ta yi faɗa har ta gaji, likita ma ya yi nasa saboda hawan jini, amma amsar Gengo ɗaya ce, wai shi ba akuya ba ne.

Yana da shekara saba'in da biyu aka tura 'yarsu Kanae aiki can arewa, a Hokkaido, gidan da aka ba ta kuwa an hana ajiye dabba. Sai ga ta da wani ƙadangare mai gemu a cikin akwatin gilashi, tsawonsa ya kai kamu biyu. Gengo ya ce ba a gidansa ba. Kanae ba ta yi musu ba, ta dai ajiye akwatin a falo ta tafi tasha.

Akwatin ne ya hana tsohon sakat. Ya zagaya shi ya sake zagayawa, ya ga dabbar ko juyawa ba ta iya yi sai wutsiya ta lanƙwashe. Ya ce wannan ai kwalba ce, wanda ya ƙera ta kuma bai san kunya ba. Washegari na ji ƙarar zarto daga bayan gidansa, bayan shekara biyar da yin shiru.

Kejin farko da katako mai ƙamshi ya yi shi, irin na bahon wanka, ya goge shi har yana sheƙi. Ya aika wa Kanae hoto yana jiran yabo. Ta bugo waya ta ce ƙamshin katakon nan guba ne ga ƙadangare. Kejin ya koma wurin ajiye takalma. A na biyu ya sa gilashi a ƙarƙashin fitila don kada dabbar ta ƙone, Kanae ta ce hasken da ke ƙarfafa masa ƙashi ba ya ratsa gilashi, raga ake sawa. Gengo ya yi kwana biyu ba ya ɗaga wayarta.

Na ukun ne ya yi daidai. Tsawonsa mita ɗaya da rabi, sama raga, gaba ƙofofin gilashi biyu da yatsa ɗaya ke turawa. A gefe ɗaya ya sa faffaɗan dutse da ya ɗauko daga bakin kogi, da fitilar zafi a kansa, ɗaya gefen ya bar shi da sanyi, da ɗan kogo na ɓuya. Ƙasa ya shimfiɗa tayil, don an ce dabbar na haɗiye yashi ya toshe mata ciki. Ma'aunin zafi biyu ya liƙa, yana duba su safe da yamma yana rubutawa a kalanda. Ƙadangaren ya hau dutsen, ya ɗaga kai, ya hura gemu yana kallon kowa a wulaƙance. Gengo ya ce sak mai unguwarmu in ya zo taro, daga ranar sunan ya bi shi: Mai Unguwa.

Sai rigimar abinci. Kanae ta bar takarda cewa babban ƙadangare ganye ne yawancin abincinsa, gyare kuwa sau biyu a mako, a barbaɗe shi da hodar ƙashi. Mai Unguwa bai san da wannan doka ba. In ya ga gyare sai ya zabura, in ganye ne sai ya rufe ido. Ganyen komatsuna da yankakkiyar kabewa su wuni a faranti har su yi yaushi. Gengo ya damu har ya rage zuwa wurin dara.

Wata safiya Fusae ta zo sayen awara tana ta danne dariya. Ta ce in rufa mata asiri: ta gaya wa mijinta wai ta karanta cewa irin wannan ƙadangaren da ido yake koyon ci, sai ya ga mai shi yana cin abu sannan ya yarda ba guba ba ne. Gengo ya ce to ita ta ci a gabansa.

Ta ce masa, “Baban Kanae, ni ya san ni? Kai ka gina masa gida, kai yake kallo.”

Da tsakar rana na leƙa da hujjar kai saƙo. Na tarar da Gengo zaune a gaban keji da kwanon dafaffen ganye, yana tauna fuska a yamutse, yana nuna wa ƙadangare kowace loma.

“Duba nan, ranka ya daɗe. Ka ga na mutu? Ci mana, ɗan rainin wayo.”

Bayan mako biyu Mai Unguwa ya fara cin ganye. Gengo ya zagaya unguwa yana ba da labari. Abin da bai sani ba, duk lokacin da ya shiga wanka Fusae na tura tsutsa biyu ƙarƙashin ganyen, dabbar ta kai wa tsutsa cafka ta haɗa da ganye, har ta saba. Ta kuma ce wa mijin in ya daina cin ganyen, ƙadangaren zai koma gidan jiya. Haka ya yi wata huɗu yana cin kwano guda kullum, hawan jininsa ya sauka, likita har ya tambaye shi abin da ya sauya.

A shagon dabbobi asiri ya tonu. Ya je sayen gyare, ya tarar da wata mata tana kukan nata ƙadangaren ya ƙi ganye, sai ya tsaya yana koya mata dabara. Mai shagon ta saurara har ƙarshe, ta rusuna, ta ce cikin ladabi shekararta ashirin a sana'ar ba ta taɓa jin haka ba, amma mutane kan ɓoye tsutsa a ƙarƙashin ganye. Gengo ya tuna robar tsutsar da ke saurin ƙarewa a gidansa.

Ya dawo gida. Ya shiga wurin aikinsa ya ƙera ɗan kwando mai murfin raga. Sannan ya sanar da matarsa, fuska ba wasa, wai mai shago ta ce fitila kaɗai ba ta isa ba, sai an kai dabbar shan hantsi a kan tudu, kuma dole mace ce za ta ɗauke shi, don hannun namiji ya cika zafi. Fusae kuwa ko shagona da keke take zuwa saboda ƙyuyar tafiya. Ta dube shi, ya dube ta.

Ta ce, “Haka mai shagon ta ce?”

Ya ce, “Ai ke ma kin karanta irinsa.”

Duk bazarar nan, ƙarfe tara na safe, sai ka ga Fusae tana hawa matakalar lambun da ke kan tudun unguwarmu da kwando tana haki, Gengo na biye da ita da lema yana ƙirga mata matakai. Ta dawo ta dafa masa ganye, ta ƙara masa yawa.

Da Kanae ta gama shekara biyunta ta zo ɗaukar kayanta, iyayen suka haɗa baki suka ce tafiyar mota na sa wa Mai Unguwa jiri. Ta kalle su ɗaya bayan ɗaya, ta ce ita ma ta taɓa jin haka, ta koma hannu rabbana. Yanzu ran Lahadi take zuwa gaishe shi.

Da sanyin bana ya shigo, Mai Unguwa ya shige kogonsa ya kama dogon barcin da irinsu ke yi, ba ci ba sha sai ɗan ruwa. Gengo ya tabbatar da lafiyarsa ƙalau a wurin likitan dabbobi, ya dawo ya ture kwanon ganye, ya ce makaranta ta yi hutu. Fusae ta rataye kwando a ƙusa, ta ce ita ma haka.