Maharazu Mai Bin Farashin Bara

Da mahaifinsu ya rasu a Kaikai, Maharazu da ƙaninsa Dalhatu suka raba gonaki. Dalhatu ya sami jigawar bayan gari. Maharazu, da yake shi ne babba kuma ya fi iya magana, ya tashi da gonaki biyu da shanun huɗa, cikin gonakin har da wata mai kyau a bakin hanyar Kusada. Tsohon nasu gero da dawa ya sani, sai wake a tsakani, kuma har ya koma ga Allah ba a taɓa ganin iyalinsa a kasuwa da kwanon awo ba. Maharazu ya ce wannan ba noma ba ne, wahala ce aka gada kaka da kakanni.

Shi a Kankia ya yi karatun nomansa, a rumfar mai shayi da ke bakin tasha. Can direbobin Kano ke sauka da labarin farashi, shi kuwa ya kasa kunne, ya dawo gida da shi da zafinsa. Wata shekara riɗi ya yi tsada, har aka ce wani mutumin Ƙofa ya sayi babur da abin da ya cire a 'yar gonarsa. Damina na faɗuwa Maharazu ya shuka riɗi a gonakin nan biyu, ko kunya ɗaya bai bar wa gero ba. Abin da bai lissafa ba shi ne, ba shi kaɗai ke da kunne a ƙasar Katsina ba. Da kaka ta yi, riɗi ya cika kasuwa har dillalai na yi masa kallon yashi.

Matarsa Hussaina ta tare shi a tsakar gida, ta nuna buhunan da ya jibge.

"Malam, da wanga za mu tuƙa tuwon, ko kantu za mu riƙa ci safe da yamma?"

"Ke ba ki san kasuwar duniya ba," in ji shi.

"Ban san ta ba. Ta Kusada na sani, kuma can za ka yo mana awo."

Shekarar da ta biyo baya waken suya ne ya yi daraja a bakin direbobi, sai ya bi shi, ya iske ayari ya riga shi isa. Ba a jima ba masara ta hau, ta yi hawan da ko tsofaffi ba su taɓa gani ba. Maharazu ya ce yanzu ya gano bakin zaren. Sai dai masara ba ta san zumunci ba, taki take so, takin zamani kuwa ya fi ta iya hawa. Da can wani Bafulatani, Bube, kan sauka da garkensa a gonakin gidansu duk rani, shanu su ci kara su bar taki. Maharazu ya riga ya sallame shi tun shekarar riɗi, ya ce kashin shanu noman jahiliyya ne. Yanzu sai ga shi ya nemo Bube da kansa, ya sayar masa da shanun huɗar mahaifinsa, ya sayi takin buhu.

A faɗi gaskiya, masarar ta yi. Masu wucewa a mota har leƙowa suke. Maharazu ya koma yin sallar la'asar a bakin gona don a gan shi kusa da ita. Da aka girbe, 'yan sari suka yi ta sintiri a ƙofar gidansa suna ƙara masa farashi, shi kuwa yana kishingiɗe yana sakace. Dalhatu ya zo ya durƙusa.

"Yaya, ka sayar da rabi mana. Ka mai da kuɗin takinka, sauran ka ajiye."

"Kai dai ka ci gaba da noman cika tumbi," in ji Maharazu. "Wagga masara sai bazara, lokacin da mai kuɗi zai zo yana roƙona."

Ya kama hayar shago a Kankia, ya loda buhuna har rufi, ya sa kwaɗo biyu. Daga nan ya tare a rumfar mai shayi yana yi wa mutane bayanin yadda ake zama attajiri. Bazara ta zo, masara ta ƙi hawa. Aka ce hatsi na shigowa daga waje, manyan masu ajiya kuma sun tsorata sun buɗe rumbunansu. Farashi ya fara gangarowa. Maharazu ya ce makirci ne na dillalai, a ba shi mako biyu. Ya ƙara wasu makonnin, farashi na ta yin ƙasa.

Ranar da ya haƙura ya buɗe shagon, wani zafi da warin gari suka buge shi. Ya soka hannu a buhun farko, ya fito da shi fari fat, ƙwari na bin yatsunsa. Ya ja ƙofa ya zauna a kan buhu ya daɗe. Shanun mahaifinsa ya tuna, yadda wani jan sa a cikinsu yakan waiwayo idan an kira sunansa. Ya share ido da hannun riga, garin masara ya ɓata masa fuska, haka ya fito, mutane suka yi kamar ba su gani ba. Wani mai kiwon kaji ya kwashe kayan a farashin da bai mai da kuɗin taki ba.

Wani da ya sha irin wannan kaye sai ya yi shiru. Maharazu bakinsa bai ji rauni ba. Ana cikin haka wasu baƙi suka zo daga birni da farar mota, suna neman manomi mai hangen nesa da zai yi magana a madadin 'yan'uwansa. Manoman kirki duk suna gona. Wanda aka samu a gari da wankakkiyar riga shi ne Maharazu. Ya yi musu bayani a kan riɗi, da waken suya, da masara, da ajiya, ba wanda bai tsoma hannu a ciki ba. Baƙi suka yi ta gyaɗa kai. Da suka nemi ɗaukar hoto a gona, ya kai su dawar Dalhatu, ya karɓi aron fartanya, ya riƙe ta kamar mai gudun kada ta cije shi.

Kafin shekara ta zagayo ya zama shugaban wata ƙungiyar manoma. Yana raba takin tallafi da kan iso bayan an ɗaure dammuna, yana jawabi a taro cewa noma shi ne makomar ƙasa, matasa su koma gona. Ɗansa Bishir yana Kano yana acaɓa, shi ke aiko da na cefane. Gonar bakin hanya kuwa Maharazu ya sayar wa wani Alhaji da ya ce zai gina gidan mai. An kewaye ta da bulo, an tsaya nan. Ɗayar ya bar wa ƙuduji da ciyawa, ya ce yana hutar da ita ne bisa tsarin zamani.

A farkon daminar bana aka gayyace shi Katsina taro a kan yadda za a wadata ƙasa da abinci. Ya sha babbar riga, yana gaban madubi yana karya hula, ya ce wa Hussaina ta aika gidan Dalhatu a auno dawa, don baƙi za su biyo shi.

"Na aika jiya," in ji ta. "Ya ce a ba ka haƙuri. Bara rabin gonar ya shuka. Ya ce taki ya fi ƙarfinshi, 'yan ƙwadago sun fi ƙarfinshi, in ya noma da yawa ma asara za ya kai kasuwa. Iya na bakin 'ya'yanshi ya yi. Mubarak ɗinshi ma ya bi Bishir Kano."

Maharazu ya tsaya da hula a hannu. Tun da ya sayar da masarar nan, daga rumbun Dalhatu gidansa ke ci, bai taɓa tambayar yadda rumbun ke cika ba.

"To mi za mu ba baƙin?"

"Taliya za ka sayo a Kankia in ka dawo."

Ya ɗora hular, ya gyara mata zama. Ya ce lallai wannan babbar matsala ce, kuma zai tayar da ita a gaban manya. Motar da aka aiko ta yi ƙaho a waje, ya tattara rigarsa ya fita.