Motar Duane da Ta Yi Saiwa

Duane Halvorsen mijin yayata Marlys ne. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa a masana'antar takarda yana daidaita injuna, kuma da ya yi ritaya bai baro halin a can ba. Ya sayi ƙatuwar motar tafi-da-gidanka, mai gado da kicin da banɗaki, ya ce zai zagaya ƙasa da matarsa daga teku zuwa teku. Zangonsu na farko shi ne sansanin bakin tafkin nan na arewacin jihar Wisconsin ta Amurka, inda nake ajiye 'yar tirelata ta kwana duk lokacin zafi. Shi ne kuma na ƙarshe.

Ba mugu ba ne. Daidaito ne ciwonsa. Firijin irin waɗannan motoci ba ya sanyi sai mota ta zauna daram, kowa ya sani, kowa kuma yakan cusa katako ƙarƙashin taya ya kama gabansa. Duane kuwa ɗan ƙwallon gilashi yake ɗorawa a kan tebur. In ya gangara, a sake. Ranar da ƙwallon ya tsaya cak, sai ya haɗa tiyon ruwa da wayar lantarki da bututun masai, ya buɗe rumfa, ya zauna. Da shekara ta zagayo ya kafa dandamalin katako a bakin ƙofa. Daga baya har tumatir ya shuka a gindin taya. In sanyi ya shigo, ɗansu ya zo ya kwashe su, motar ta kwana cikin ƙanƙara.

Marlys abu ɗaya take so ta gani: magangarar ruwan da ke bayan gandun daji, tafiyar da ba ta kai awa guda ba. Baƙon da ya kwana biyu a sansanin ma sai ya je ya dawo da hoto. Likita kuma ya riga ya gaya mata cewa idonta na tafiya, daga tsakiya yake mutuwa, ba zai dawo ba.

Wata Juma'a muna cin soyayyen kifi a ƙarƙashin rumfarsu na ce, "Yaya, ga akori-kurata nan. Mu je gobe."

"Shi ya ce zai kai ni."

"Yaushe ya ce?"

"Ranar da ya sayi motar."

Na juya wurinsa. "Injiniya, ka dai ji."

"Ke Ardis, bakinki ba ya zuwa hutu ne? Ga ruwa cike da tafki. Wancan ɗin gudu zai yi?"

"Ruwan ba ya gudu. Idonta ke gudu. Karɓi makullina ka kai ta."

"In ajiye mota irin wannan in ari gwangwani? Kin san wahalar da na sha kafin ta daidaita?"

Haka muka yi ta yi, shekara da shekaru. Ita taurin kai, shi taurin kai, ni kuma ciwon kai.

Bara, wata safiya, Marlys ta zo zuba masa gahawa, ta zuba a gefen kofi, a kan tebur. Ba ta ma sani ba. Gahawar ta kwanta wuri ɗaya, ba ta gangara gabas ko yamma ba, don teburin ya daidaita ƙwarai. Duane ya daɗe yana kallon gahawar. Sai ya miƙe ya ce, "Sa kayanki. Yau za mu je."

Sansani kaf ya fito kallo. Aka ɓalle dandamali, aka tumɓuke tumatir, aka cire tiyo da waya da bututu, aka zare katakon ƙarƙashin taya. Marlys ta zauna a kujerar gaba cikin rigarta ta zuwa coci, jaka a cinya. Duane ya murɗa makulli. Shiru. Ya sake. Shiru. Da aka buɗe injin, ɓeraye sun cinye wayoyi sun yi sheƙa, tayoyin kuma duk sun tsattsage.

Gordy, maƙwabcinsu, ya ɗaga murya: "Duane, leƙa ƙasa, wataƙila ta yi saiwa!"

Duane ya shige ƙarƙashin mota, ƙafafunsa kaɗai ake gani. Daga can ya ce, "Ku ba ni zuwa mako mai zuwa."

Marlys ta lalubi ƙofa ta sauko. "Ardis, ina gwangwanin naki?"

Na ce, "Injiniya, fito mu tafi, akwai wuri."

"Ku je. An cire katakon, in ban mayar ba firiji zai lalace."

Muka je. Na riƙe hannunta har bakin shingen ƙarfe, feshin ruwa na dukan fuskarta. Na ce, "Me kike gani?"

"Fari-fari a gefe. Tsakiyar babu." Ta karkata kunne. "Ƙarar dai ta yi."

Da muka dawo da yamma, ya mayar da dandamali, ƙwallon gilashi na tsaye cak a kan tebur. Bai iya kallonta ba. Ya ce, "Yaya ruwan?"

Ta ce, "Yana zuba."

Bana ya sake shuka tumatir.